Na Kai Ruwan Kwara Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban sami sakat a kasuwar kifi ba. Duk wanda ya zo sayen banda sai ya ja ya tsaya, wai Hajiya Asabe, da gaske ne kin ɗauki ruwa tun daga nan kin kai ƙasar Makka? Wasu har sun fara ƙara wa zancen gishiri, wai an kama ni, wai an ɗaure ni. Na gaji da maimaitawa kifina yana jiran ciniki. Zan faɗa sau ɗaya daga farko, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Wanda bai san Lakwaja ba ba zai gane abin da ya jefa ni cikin wannan wahala ba. Garinmu yana zaune inda Kwara da Binuwai suka haɗu, kuma kogin ne ya tara shi. Nan Turawa suka fara kafa kantunansu na ciniki, nan suka fara zama da mulkin Arewa kafin su tattara komatsansu su yi gaba. Jiragen ruwa na ƙarfe su hauro da gishiri da atamfa da kananzir, su gangara da gyaɗa da kaɗanya da fata. Saboda haka kowa ya zo, Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Kakanda da Igbira, kowa baƙo ne, kowa kuma yana bugun ƙirji shi ne ɗan gari. Yaronmu kan tashi yana ciniki da harshen kowa, yana kuma iya zagi da shi.

Babana, Malam Mamman, matuƙin ɗaya daga cikin jiragen nan ne a zamanin Turawa. Ƙanensa, Baffa Sale, shi ke tsayawa a goshin jirgi da doguwar gwangwala yana auna zurfin ruwa. In ya ji ƙasa ta matso sai ya ƙwala ihu, "Rairayi!", matuƙi ya kauce. Wata rana da rani, jirgi maƙare da gyaɗa, suka haye tudun rairayi a gaban gari, mutane suna kallo daga gaɓa. Jirgin ya zauna nan har gyaɗar ta fara lalacewa. Da Baturen kamfani ya tambaya, Baba ya ce ba a kira ba, Baffa ya ce ya kira har muryarsa ta dushe. Bature ya sallami mai gwangwala, don samun matuƙi ya fi wuya. Baffa ya ɗaure tsummokaransa ya bi masu tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Sudan. Sama da shekara talatin alhazai suna ganinsa a Jidda, yana aiko gaisuwa ga kowa a unguwa, ban da wansa.

To mu mutanen bakin kogi muna da al'ada. In gaba ta shiga tsakanin 'yan'uwa, sai a shiga kwalekwale a je daidai inda ruwan biyu suka haɗu, a ɗebo, su sha daga mazubi ɗaya. Da sun sha, gaba ta mutu. Bara da Baba ya makance, ƙafafunsa suka kumbura, ya sa aka ɗauke shi aka kai shi tsakiyar kogi. Da hannunsa ya cika farar jarka, ya kurɓa, ya rufe, ya ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ya ji ni da maigidana muna shirin zuwa umra, sai ya kira ni ya ɗora mini ita a cinya.

"Ki kai wa Sale. In ya sha, sai in kwanta hankalina kwance. Ba na son in je gaban Allah da gabar ɗan'uwana."

Wa zai ce a'a? Na karɓa ina hawaye, ban san irin abin da na karɓa ba.

Maigidana, wanda nake kira Malam, tela ne, mutum mai tsananin kunya. Tun a tashar Lakwaja ya fara tafiya nesa da ni don kada a ce tare muke da jarkar. Motar Kano muka shiga, na ɗora ta a cinya, har muka haye gada ban bari ta taɓa ƙasa ba. Mun wuce Kaduna kenan motar ta ɗau zafi, hayaƙi ya turnuƙe. Direba ya sauko yana neman ruwa, idonsa ya faɗa kan jarkata, ya miƙo hannu ba ko sallama. Na ce masa in ya taɓa ta sai dai a nemo wani direban. Fasinjoji suka taso mini, wai ni wace irin marowaciya ce da za ta hana ruwa a daji. Na bar su suka yi ta yi. Sai da wani Bafillatani ya kai su rijiya muka tashi, kuma har Kano ba wanda ya ƙara miƙo mini goro.

A filin jirgi na Kano ma'aikaci ya girgiza ta, ya sunsuna, ya ce ko ban san ana ba da ruwa a jirgi ba. Na ce na sani. Ya dubi Malam, Malam ya dubi rufin ɗaki. Haka muka wuce. Jirgin sama kuwa, ni da na girma a kwalekwale, ban ji tsoronsa ba sai da ya fara girgiza, na rasa gaɓar da zan yi iyo in nufa.

Babbar ƙurar a Jidda aka yi ta. Balaraben da ke duba kaya ya fara da bandar da na ƙunso wa Baffa, ya buɗe, ya ja da baya yana toshe hanci, kifin da mutane ke tsayar da mota su saya. Sannan ya ga jarka. Ya zaci giya ce. Ya buɗe ya sunsuna, ya ɗiga a tafin hannu, ya yi ta magana da sauri. Aka kira wani Bahaushen Cadi da ke aiki a wurin ya yi mana tafinta. Na ce ruwan kogin garinmu ne. Tafinta ya faɗa masa. Balaraben ya kira abokan aikinsa su zo su ga matar da ta kawo ruwa ƙasar Zamzam. Kowa yana fita da jarka, ni ina shigowa da ita. Suka yi dariya har da riƙe ciki, ɗayansu ya ce halas, wato an gama, in wuce. Bandar dai ba su dawo mini da ita ba, kuma na tabbata ba zubarwa suka yi ba.

Masauki muka samu a Balad, tsohon garin Jidda, gidan wata Hajja Zainaba, Bahaushiyar Sudan, wadda Hausarta rabi Larabci ce. Ina shiga unguwar nan na ji kamar na san ta. Dogayen gidaje ne na dutsen teku, tagoginsu na katako an yi musu ado, wasu sun jingina da juna saboda tsufa. Lunguna matsattsu, kyanwoyi ko'ina, ga warin tsofaffin buhuna da kayan yaji, irin warin da ke tsofaffin kantunan bakin koginmu. Hajja Zainaba ta ce su ma jirgin ruwa ne ya tara garinsu, shi ya sa za ki ga ɗan Yaman da ɗan Indiya da baƙar fata irinmu, kowa yana cewa shi ɗan Jidda ne. Na ce ai kuwa Lakwaja ce ta sa jallabiya. Bambancin kawai, su jiragensu ba su daina zuwa ba.

Amma ruwansu, kai jama'a! Teku har iyakar ganinki, ba na sha, ba na wanki, ba na alwalar da mutum zai ji daɗi. Na ɗanɗana na tofar. Kifinsa ja-ja-wur, kyakkyawa a ido, a baki kamar an dafa auduga. Da safe su dama wake su kwarara mai, a ci da burodi mai faɗin faifai, a kora da shayi a wani ɗan kofi da bai isa kurkurar baki ba. A kasuwar kifi ban ga mace ko ɗaya a bakin tebur ba, duk maza ne, har cefanen ma su ke yi. In an kira salla kowa ya yafa wa kayansa zane ya tafi masallaci. Na ce wa Malam ya gwada haka a tashar garinmu, ya dawo ya ga ko zanen zai tarar.

Da yake da harami muka sauka, sai muka fara wucewa Makka. Jarkar na bar ta a soron gidan, jikin bango. Muka yi umrarmu lafiya, na yi wa Baba addu'a har na rasa murya, muka dawo da namu Zamzam a fararen jarkoki irin waɗanda kowa ke saye. Na shigo soro na tarar da jarkokin baƙin gidan a jere, duk iri ɗaya, ba mai jan ƙyalle ko guda. Na ɗora hannu a ka. Malam ya ce in kwantar da hankalina, shi ya kwance ƙyallen kafin mu tafi. Wai Hajja Zainaba ta ja shi gefe ta ce a ƙasar nan duk abin da aka ɗaura wa jan ƙyalle asiri ake ɗaukarsa, in hukuma ta gani har gidanta sai ya shafa. Ya rantse ya san tamu, ita ce ta jikin bango. Ruwan kogi kuwa in ya daɗe a ajiye lakarsa kwantawa take yi, ya yi garau, ido ba zai raba shi da wani ba. Na yi masa faɗa daidai gwargwado, na ɗauki ta jikin bango na kai ɗaki.

A ɗakin da ke kusa da namu akwai wata dattijuwa, Hajiya Rabi 'yar Maraɗi, mai ciwon gwiwa, da kyar take hawa bene. Washegari na same ta a soro tana taka ƙasa da ƙarfi tana yi wa Allah godiya. Ta ce ta sha Zamzam sau da yawa a rayuwarta, amma na wannan karon daban ne, tana sha tana shafawa, gwiwa ta saki. Na taya ta murna da zuciya ɗaya.

Da hantsi muka ɗauki tasi zuwa Karantina, can kudancin gari, inda aka ce Baffa yake. Nan kam ba dutsen teku, gidajen katako ne da langa-langa, amma Hausa ta ko'ina, ga mai ƙosai, ga mai koko, har na ji wata tana zagin ɗanta da irin zagin gida. Ba mu sha wuyar nema ba. Muna cewa Sale aka ce Sale Lakwaja? Ashe ya ishi unguwar da labarin garinmu. Ya gaya musu jiragenmu sun fi na Jidda, kantunanmu sun fi na Balad, kifinmu ɗaya sai an yi masa ɗaukar gawa.

Na gan shi zaune a ƙofar gida kan tabarma, sai na ga Baba sak, har yadda yake karkata kai. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi ko ni 'yar wa ce. Bai ce komai a kan wansa ba. Maƙwabta suka taru ganin mutanen Lakwaja, ya gyara zama, ya ce in gaya musu da bakina jirage nawa ke tsayawa a gaɓarmu yanzu.

Na so in rufa masa asiri, amma ban iya ƙarya da tsakar rana ba. Na ce Baffa, jirage sun daina zuwa. Jirgin ƙasa ya bi wata hanya, manyan motoci suka kwashe sauran kayan. Na ƙarshen yana kwance a gaɓa tsatsa ta cinye shi, awaki ke shan inuwa a ciki. Kantunan Turawa jemagu ne ke haya. Garin dai yana nan da hayaniyarsa, muna sayar wa matafiya kifi da lemo ta tagar mota. Wani maƙwabci ya yi tari irin na ɓoye dariya. Baffa ya ce ba mamaki, kogin da aka kori mai auna shi dole ya cike da rairayi.

Sai na jawo jarka na ajiye a gabansa, na faɗi saƙo. Ya kawar da kai ya ce sai yanzu? Na ce masa Baba ba ya gani, ba ya tashi, wannan ruwan da hannunsa ya ɗebo, kuma ba na jin zai ga wata damina. Ya juyo ya dubi jarkar. Can ya ce a kawo kwano. Na zuba. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya ajiye kwanon a hankali.

"Wannan Zamzam ne," ya ce. "Na sha Kwara tun ina goye, na sha wannan shekara talatin. Ko Mamman ne ya raina mini hankali, ko ke. Ku gaida mutanen gida."

Ya tashi ya shige ciki. Ni kuwa na juya na dubi Malam. Ban ce masa uffan ba a gaban mutane, don ina da tarbiyya, amma shi ya san abin da ke jiransa. A take gwiwar Hajiya Rabi ta faɗo mini a rai.

Muka koma Balad a guje. Hajja Zainaba ta ce ai da muna Makka ta share soro ta sake jera jarkokin, kuma Hajiya Rabi ta tafi filin jirgi tun ɗazu, yau za su tashi. Muka sake faɗawa tasi. Direban ya ga ina kuka ina nuna gaba, ya ce yalla, wato mu je, ya taka mota kamar an biyo shi. Malam ya rufe ido yana salati, ni ko ina cewa ya ƙara.

A rumfar alhazai na same ta zaune kan kayanta, jarka tsakanin ƙafafunta. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta rungume jarka ta ce ba ta san zancen ba, Allah ya ba ta magani ina so in ƙwace. Mutanenta suka kewaye mu, har wani yana cewa a kira ɗan sanda. Na ce ta ba ni aro kawai in nuna mata abu, in na yi ƙarya ta riƙe duka biyun. Ta sakar mini da kyar. Na ɗaga jarkar na girgiza ta da ƙarfina. Laka ta taso, ruwan ya koma kalar kunu.

Hajiya Rabi ta yi salati ta ce to me ta kwana tana sha? Na ce ruwan da muke wanke kifi da shi ne, mu yi wanka, shanu su sha. Ta hau shafa gwiwa. Na tura mata jarkar Zamzam, ta karɓa, amma ba ta saki hannuna ba. Ta laluba jaka ta fito da wata 'yar kwalbar magani, ta ce in ɗan tsiyaya mata, gwiwa ba ta san bambanci ba. Na tsiyaya mata. Ta riga ta sha fiye da rabi, baiwar Allah.

La'asar ta yi muka sake isa Karantina. Baffa ya ƙi fitowa. Ban tsaya neman izini ba, gidan ubana ne. Na sake girgiza jarka, na zuba a kwano, na ɗaga labule na ajiye a gabansa. Bai ko duba ba, amma na ga hancinsa ya motsa. Warin laka ne, da na ciyawar gaɓa, da ɗan ƙarnin kifi, warin da ni ban taɓa lura da shi ba sai a ɗakin nan. Ya jawo kwanon da hannu biyu. Ya tambaya ko Mamman ya sha daga ciki. Na ce shi ya fara.

Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya shanye, ya sa yatsa ya lakato lakar da ta rage ya lashe. Sannan tsohon nan ya fashe da kuka kamar yaro, ni ma na taya shi, Malam ma daga bakin ƙofa yana share ido da hannun riga. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa ba. 'Ya'yansa suka leƙo suna tambaya da Larabci, don Hausarsu ta ji ce kawai.

Da ya natsu ya fyace hanci ya ce halas, gaba ta ƙare, ya yafe, shi ma a yafe masa. Na ce alhamdu lillahi. Sai ya ɗaga yatsa ya ce amma fa ranar da jirgi ya haye rairayi ya kira. Kuma tunda Mamman ya ce bai ji ba, in na koma in tsaya a ƙofar ɗakinsa in kira masa da irin ƙarfin da shi ya kira ran nan. Na ce Baffa, ni matar aure ce, ga jikoki. Ya ce ko in yi, ko ya amayar da ruwan. Ya sa ni na gwada a nan take. Ya ce wannan kiran kaji ne, in ƙara. Na yi ta ƙwalawa a tsakar gida har Karantina ta fito kallo, sannan ya ce ya yi dama-dama.

Ranar da muka iso Lakwaja ban ko sauke mayafi ba na wuce gidanmu. Baba yana kwance a ɗakinsa mai kallon kogi, ya rame har na tsorata. Na tsaya a bakin ƙofa, na cika ƙirjina da iska.

"Rairayi!"

Kaji suka watse, maƙwabta suka fito da gudu. Hannun Baba na dama ya zabura ya murɗa iska, kamar yana riƙe da sitiyarin jirgi. Sai ya gane. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye suna bin kunnensa. Ya tambaya ko Baffa ya sha. Na ce har laka ya lashe. Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ki sa a gaya masa na ji," ya ce. Ya ja numfashi, ya ƙara da cewa, "Amma ran nan bai kira ba."

Ranar ya ci tuwo, abin da ya daɗe bai yi ba. Bai kai damina ba, Allah ya jiƙansa, kuma ya tafi fuskarsa a sake. Da alhazan bana za su tashi na ba su saƙon Baffa, na ce su gaya masa wansa ya ce ya ji. Sauran rabin maganar yana nan wurina, ba inda za shi.